Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Kano: a ware wa bas hannunta a titi kafin a sake sayo wata mota

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, da Kwamishinan Sufuri, da shugabannin KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, roƙona ɗaya ne a wannan takarda, kuma zan faɗe shi tun daga farko don kar ya ɓace cikin dogon bayani: dan Allah a yanki hannu ɗaya a manyan titunan Kano a ce wannan na motar bas ne ita kaɗai, a gina masa shingen kankare, a kafa doka a kai, sannan a tsaya a ga dokar ta hau kan kowa. Ba sabuwar mota nake roƙo ba yanzu, motoci an sha sayo mana su a garin nan, an sha yi musu fenti an jera su an ɗauki hoto, bayan shekara ɗaya biyu ka neme su ka rasa. Abin da ba a taɓa ba su ba shi ne hanyar da za su bi ba tare da sun maƙale a gosulo ba.

Duk wanda yake fitowa daga Dawanau ko Bachirawa ko Rijiyar Lemo da safe ya nufi cikin gari ya san abin da nake faɗa. Ka tsaya a Kurna wajen ƙarfe bakwai da rabi ka kalli titin Katsina, ɗan sahu ya tsaya a tsakiyar kwalta yana cinikin kuɗin mota da fasinja, na bayansa ya zagaye shi ta dama, wani ya kutso ta hagu, mai kurkura ya ɗauko buhunan hatsi daga Dawanau yana lallaɓawa, ga tirela ta cinye rabin hanya, ga yara 'yan makaranta da yunifom a bakin titi suna ɗaga hannu babu mai tsayawa saboda kowane ɗan sahu dirof yake nema. Akwai wata baiwar Allah da nake yawan gani da goyo da katin asibiti a hannu, ta tsayar da wannan ya faɗi kuɗi ta girgiza kai, ta tsayar da wancan haka, har rana ta buɗe tana nan tsaye tana gyara wa yaron hula. Da yamma kuma abin ya juya, daga Kwari da Singa da Sabon Gari da Wambai kowa ya taso lokaci guda, a Yankura da Bata sai ka yi ta kallon mai tafiya a ƙasa yana wuce ka kana zaune a cikin abin hawa. In azumi ne kam sai dai mutum ya sha ruwa a hanya.

Lissafin ba mai wuya ba ne ranka ya daɗe. Adaidaita mutum uku take ɗauka a baya, in an matsa a ɗora ɗaya ko biyu a gefen direba, wanda shi ma ganganci ne. Babbar bas irin doguwar nan, da na zaune da na tsaye, tana kwashe mutum saba'in ba wata damuwa. Kenan abin da sahu wajen ashirin za su ɗauka mota ɗaya ta ɗauke shi, kuma a kwatanta filin da sahu ashirin suke ci a kan kwalta da na bas guda, da man da suke ƙonawa, da hayaƙin da muke shaƙa. Titin garin nan dukiyar kowa ce amma yadda aka raba shi yanzu, mutum ɗaya a cikin motarsa da esi ya fi mutum goma da ke bakin hanya samun kaso.

Mu tuna yadda muka iso nan. Adaidaita sahu ta shigo ne zamanin Malam Shekarau, kuma asali don mata aka kawo ta. A watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni, to daga nan ne matasa suka koma sahu gaba ɗaya, tasi ta ɓace, hayis ɗin nan da muka taso muna hawa da kwandasta yana rataye a ƙofa yana kiran Bata Bata ita ma ta ja baya sosai, gari guda mai miliyoyin mutane ya koma ya dogara da keke mai ƙafa uku. Mun ga haɗarin hakan ƙarara a Janairun 2022 lokacin da 'yan sahu suka tafi yajin aiki kan kuɗin sabunta rajista, gari ya tsaya cak, ma'aikata da ɗalibai da marasa lafiya suka dinga takawa a ƙasa, wasu suna hawa bayan kurkura kamar kaya. Sannan a ƙarshen Nuwamban 2022 gwamnatin Ganduje ta sanar da hana sahu bin wasu manyan tituna, ciki har da titin Gwarzo daga Tal'udu da kuma titin Haɗeja, aka ce an tanadi bas 100 da tasi 50 da za su maye gurbi. Ba a je ko'ina ba aka janye dokar saboda mutane sun cika bakin titi babu abin hawa. Ba don in ci mutuncin kowa na kawo wannan ba, darasi ne da aka biya da wahalar talakawa, an fara da hani kafin a gina abin da zai ɗauki jama'a, kuma bas 100 ba za su iya da Kano ba musamman in su ma cikin cunkoson za su shiga.

Wannan gaɓar ita nake so a tsaya a kanta sosai, don ita ce ke kashe duk wani shirin bas na gwamnati. Babbar mota in ta shiga cunkoso ta fi kowa shan wahala, ba ta iya kurɗawa kamar sahu, ba ta iya hawa gefen kwata, tana tsayawa a kowace tasha kuma kafin ta koma kan layi an rufe mata gaba. Fasinja ya hau sau ɗaya ya makara wajen aiki, gobe ba zai ƙara ba, gara ya ƙara ɗari biyu ya hau sahu. Motar da ya kamata ta yi sawu goma a rana sai ta ƙare da huɗu, man da ta sha a tsaye ya fi wanda ta sha a tafe, kuɗin da ta tara bai isa mai da albashin direba ba balle gyara, ranar da giya ta lalace ko taya ta fashe sai a jingine ta a gareji a ce sai an fitar da kuɗi, shi kenan ta zama ta cire-ciren kayan gyara. Daga baya sai a ce ai 'yan Kano ba sa son hawa bas. Wallahi suna so, ɓata lokaci ne ba sa so. Amma motar nan dai, in hanyarta a buɗe take, sawunta zai ninka, kujera ɗaya ta yi kuɗi sau da yawa a rana, shi ne zai sa a iya rage wa fasinja kuɗin mota ba tare da gwamnati ta yi ta zuba tallafi ba, kuma mutum ya san in ya fito ƙarfe bakwai zai isa bakwai da rabi. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin abin hawa ya zama shi ne ke cinye albashin ƙaramin ma'aikaci da ribar mai ƙaramar sana'a, akwai iyayen da suka cire yara daga makarantar da suke so suka mayar da su ta kusa da gida saboda kuɗin sahu kawai.

'Yan uwanmu na Ghana sun ga irin wannan. A 2016 aka ƙaddamar da motocin Aayalolo a Accra, sababbi dal masu kyau, daga Amasaman zuwa tsakiyar gari, ana kiran abin da suna BRT, wato tsarin bas mai hanyarta ita kaɗai, amma hanyar tasu ta daban ba a yi ta yadda ya kamata ba sai 'yan guntaye nan da can, suka shiga cunkoso ɗaya da trotro, wato hayis ɗinsu na can, ba a daɗe ba harkar ta durƙushe motoci suka zauna a tashar Achimota rana da ruwa suna dukansu.

Legas kuwa da ta tashi yi a Maris ɗin 2008 zamanin Gwamna Fashola, da hanya ta fara. Kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS ta kan titin Ikorodu, mafi yawan tsawon an raba shi da sauran motoci da kankare, wani ɓangare kuma aka yi masa layin fenti, kuma cikin ɗan lokaci layin nan ɗaya yana ɗaukar mutum kusan dubu 200 a rana. A 2015 aka ja shi har Ikorodu, a 2020 aka buɗe na Oshodi zuwa Abule Egba. Ban ce babu matsala ba, duk wanda ya je Legas ya ga dogon layin mutane a tasha da safe saboda motocin ba sa isa, amma ya kuma ga yadda shuɗiyar bas take wucewa fiu alhali masu manyan motoci suna tsaye. Abubuwa biyu nake so a ɗauka daga can. Akwai hukuma guda, LAMATA, da doka ta kafa tun kafin a fara aikin, ita ke tsarawa ita ke sa ido, gwamna ya tafi wani ya zo tana nan. Sannan ƙungiyar direbobi ta NURTW ba a kore ta ba, haɗin gwiwar 'ya'yanta ne ya karɓi bashin banki ya sayi motocin farko ya tuƙa su a layin. Wanda ake tsoron zai tayar da rigima shi aka mayar mai hannun jari.

Kuma ba fasahar Turawa ba ce da za a ce ta fi ƙarfinmu. A Curitiba ta Brazil aka faro ta a 1974, Bogota ta Kolombiya ta yi nata a 2000, Darussalam ta Tanzaniya ta buɗe nata a 2016 a kan titin Morogoro, Dakar ta Senegal ta fara nata a 2024 da motoci masu lantarki, kilomita 18 daga Guediawaye zuwa tsakiyar gari, tafiyar da take cin awa ɗaya da rabi ta koma kamar minti 45. Na Darussalam akwai abin lura a ciki, an gina garejin motocin a kwarin Jangwani inda ruwa yake kwanciya, duk damina sai ambaliya ta tsayar da aiki, mu ma da muke da tituna da ruwa ke shanyewa a watan Agusta sai a fara da magudanar ruwa kafin a kafa shinge.

Na san za a ce ai ana ta gina gadoji. Gaskiya ne, daga ta Ƙofar Nassarawa zuwa ta Dangi da ta Sabon Gari da ta Hotoro, ga na Ɗan Agundi da Tal'udu, ga na ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya da Ƙofar Ruwa, an kashe kuɗi kuma sun rage wahala a mahaɗar da aka yi su, ba mai musun wannan. Sai dai gada tana ɗauke cunkoso ne daga wannan shataletale ta kai shi na gaba, ka sauko a guje ka tarar da layin yana jiranka a ƙasa, kuma da zarar hanya ta yi daɗi sai ƙarin motoci su cika ta. Mafi yawan mutanen Kano ba su da mota ranka ya daɗe, gadar da bas ba ta da hannu a kanta ta mai mota ce. Jirgin ƙasa na cikin gari kuma tun 2016 muke jin maganarsa, Allah Ya kawo shi muna maraba, amma kafin nan mutane gobe ma za su fita nema, kuma kuɗin shimfiɗa kilomita ɗaya na dogo zai yi kilomita masu yawa na hanyar bas.

Ni a ganina kar a ce za a yi duk gari lokaci ɗaya, a nan ake faɗuwa. A ɗauki titi ɗaya mai faɗi mai jama'a, ko titin Zariya daga Na'ibawa ta Unguwa Uku da asibitin Malam Aminu Kano da Dangi har cikin kasuwanni, ko titin Katsina daga Dawanau, a yi shi ya yi kyau mutane su gani da idonsu, su da kansu za su roƙa a kawo musu titin Gwarzo saboda ɗaliban BUK da mutanen Rijiyar Zaki, da titin Haɗeja da na Maiduguri. Kuma a sa layin a tsakiyar titi kusa da abin da ya raba hannu biyu, don in aka sa shi a gefe to an gama da shi, nan ne ake fakin, nan ake sauke kaya, nan mai shago yake fito da tebur, nan sahu ke lodi. Fenti kaɗai ba zai yi aiki a Kano ba, mu faɗa wa juna gaskiya, garin da ake bin wanwe ido na ganin ido ba farin layi ne zai tsayar da mutum ba, sai kankaren da taya ba za ta iya hawa ba. In tasha tana tsakiyar titi dole a yi wa masu tsallakawa wuri mai danja ko gadar ƙafa da tsoho zai iya hawa, kar a gyara tafiya a jawo kaɗe mutane.

Mahaɗa ita ce inda lokaci yake tafiya. Ko an ware hannu, in bas za ta zo ta tsaya a danja minti uku tare da kowa an rage amfanin. Akwai na'urar da ake sa wa danja ta gane bas ta ƙaraso sai ta ɗan tsawaita kore ko ta gaggauta kawo shi, ko a ba bas nata koren na 'yan daƙiƙu ta fara wucewa kafin a saki sauran. Inda titi ya matse kamar cikin Fagge da wajen Kwari da ba za a samu cikakken hannu ba, a yi mata ɗan gajeren layi dab da mahaɗa ta tsallake jerin motoci, ko a ce daga ƙarfe kaza zuwa kaza na safe da yamma wannan titin na bas ne da masu tafiya a ƙasa, manyan motocin sauke kaya su shigo da dare. Danjar kuma a haɗa ta da sola, don in babu wuta duk wannan tsarin ya tashi a banza.

Sai maganar 'yan sahu, wadda ita ce ta fi damuna. Waɗannan ƙannenmu ne da 'ya'yanmu, da yawansu da digiri da difloma a aljihu, keken ba nasu ba ne, balas suke kaiwa kullum ko kuma biyan bashinsa suke a hankali, in ya fita bai haɗa kuɗin mai keke ba ranar gidansa ba a ɗora tukunya. Duk tsarin da zai zo musu da sunan kora zai gamu da turjiya, kuma suna da gaskiyarsu. A zauna da shugabanninsu tun ana zana taswira, ba ranar da za a karanta sanarwa a rediyo ba. Bas ba za ta shiga lungun Ɗorayi ko Gwammaja ko Sheka ko Brigade ba, sahu ce za ta kwaso mutane daga unguwa ta kawo su tasha ta mayar da su, gajeren sawu mai yawa ba tare da ƙona mai a gosulo ba, sai a yi musu wurin tsayawa na mutunci a jikin kowace babbar tasha. A ba ƙungiyoyinsu da na direbobi damar mallakar kaso a kamfanin da zai tafiyar da motocin, a horar da masu so su zama direbobi da masu sayar da kati da makanikai. Haka su ma masu kasa kaya a bakin titi, in za a tashe su a nuna musu inda za su koma, tasha ai kasuwa ce, a gina musu rumfuna a jikinta.

Ranar da aka buɗe layin nan, wanda zai fara karya dokar ba ɗan sahu ba ne, mai jiniya ne da mai baƙin gilashi da mai lambar gwamnati da mai kaki. In aka ƙyale mutum ɗaya, kafin sati layin ya koma na kowa. A 2012 Fashola da kansa ya tare wani kanar na soja a kan layin BRT a Legas, labarin ya zaga ƙasa, kuma kowa ya fahimci abin ba wasa ba ne. Ina roƙon Mai Girma Gwamna ya faɗa da bakinsa cewa ayarinsa ma ba zai bi ta ciki ba, motar asibiti da ta kashe gobara kawai aka yarda. Tara kuma a sa kyamara ta ɗauki lamba, a biya ta banki da rasit, don a raba jami'i da direba da ciniki a bakin hanya, hakan ya fi kare mutuncin 'yan KAROTA ɗin su kansu da suke wuni a rana.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma su ke sa mutum ya hau ko ya ƙi. Ɓangaren mata daban da ƙofarsu, don babu magidancin da zai so iyalinsa a cakuɗe cikin turereniya. Daɓen tasha ya yi daidai da ƙofar mota yadda tsohuwa da mai keken guragu za su shiga ba ɗagawa. Rumfa mai inuwa ta gaske saboda zafin Maris da Afrilu. A biya kuɗi kafin a shiga, da kati kamar Cowry na Legas, amma a bar wurin da mai tsabar kuɗi zai saya don ba kowa ke da asusun banki ba, ɗalibai kuma a yi musu rangwame. A ware kuɗin gyara da kayan gyara tun ranar sayen mota, kuma motocin su wadata yadda ba za a wuce minti biyar ana jira ba a lokacin fita aiki, don layin da aka killace aka bar shi fayau babu mota zai sa masu motoci su fara ƙorafi, kuma a lokacin ba mai iya kare shi.

Titin Zariya da na Katsina na gwamnatin tarayya ne, don haka sai an nemi yardar Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, gara a fara wannan maganar tun yanzu. Majalisar dokokin jiha kuma a kai mata ƙudurin da zai kafa hukumar da za ta riƙe aikin da kasafinta, yadda ba zai zama aikin jam'iyya kaza da wata za ta zo ta yi watsi da shi ba, mun gaji da ganin haka a jihar nan. Sannan dan Allah kafin a ba da kwangila a fito da taswirar layin farko a bainar jama'a, a kira taron jin ra'ayi a unguwannin da zai ratsa, a yi shi da Hausa a gidajen rediyo, 'yan kasuwar Kwari da Singa da 'yan sahu da mata da ɗalibai kowa ya faɗi inda tasha za ta fi masa amfani.

Allah Ya yi riƙo da hannunku, Ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Wani mazaunin Rijiyar Lemo, Kano.